Shekara ta Uku Ita Ke Faɗin Gaskiyar Laftof

A Turai da Amurka, idan aka ce kwamfutar tafi-da-gidanka mai matsakaicin farashi, ana nufin wadda kuɗinta ya kama daga dala 500 zuwa 800 ko kusa da haka. Ta fi ƙarfin ’yan ƙananan da ake saya wa yaran makaranta, ba ta kuma kai ta masu haɗa fim da zanen gine-gine ba. Ma’aikaci a can yakan iya sayenta da albashin mako guda, idan ta gaji bayan shekara uku ko huɗu ya sake wata ba tare da ya kwana da abin a ransa ba. Kamfanonin da ke ƙera ta sun san wannan mai saye sarai, kuma dominsa suke yin ta.

A Najeriya kuwa kalmar “matsakaici” ta kusa zama zolaya. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dalar da ake samu a farashin gwamnati wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a shekarar 2024. A wannan lissafi, laftof ta dala 600 ta kai naira 900,000 kafin a sa kuɗin dako da ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ke nan abin da Bature ke kira matsakaici ya cinye albashin ƙaramin ma’aikaci na fiye da shekara guda. Galibi ma ba mutum ɗaya ke biya ba: uba ya kawo wani abu, yaya ya cika, wani lokaci uwa ta sayar da tunkiya ko ta kwashi adashi, domin ɗalibin da ya kai shekarar rubuta kundin digiri ya daina bin layi a shagon buga takardu.

Abin da ya ci wannan kuɗi kadara ne, ajinsa ɗaya da babur ko injin markaɗe. Mai sayen babur a Kano ko Gusau ba ya fara tambayar launi. Yakan tambaya ko ana samun kayan gyaransa a kasuwa, ko bakaniken unguwa ya san cikinsa, nawa yake shan mai, zai jure hanyar ƙauye da damina ko kuwa. Wannan hikima ce ta sa Boxer da Jincheng suka cika titi. Abin mamaki, mutumin nan da kansa idan ya shiga titin Beirut a Kano, ko Banex Plaza a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, sai duk hikimar ta tsaya a bakin ƙofa. Tambaya ɗaya yake yi: i5 ce ko i7?

Wannan tambaya ta sa mutane da yawa sun biya kuɗin da bai kamata ba. Sunan i5 ko i7 matsayi ne kawai a cikin zuriya guda ta furosesar Intel, kuma zuriyoyin sun yi nisa da juna. Lambar da ke biye da sunan ita ce ke faɗin zamani. Furosesa i7-7500U, ’yar zuriya ta bakwai, ƙwaƙwalen aiki biyu gare ta. Ita kuwa i5-8250U, ’yar zuriya ta takwas da ta fito a 2017, huɗu gare ta, kuma ta fi waccan ƙarfi nesa ba kusa ba duk da sunanta ya fi ƙanƙanta. Mai shago ya san haka. Ya kuma san cewa sitikar i7 tana sa mai saye ya daina ciniki.

Ban da haka, a aikin yau da gobe na ɗalibi ko ma’aikacin ofis, wato Word da Excel, da SPSS ga masu bincike, da darasi ta Zoom, da karanta takardun PDF, ba furosesa ce ke fara gazawa ba. Abu biyu ne ke sa kwamfuta ta yi nauyi har mai ita ya riƙa jan tsaki. Na farko ma’ajiya. Tsohon faifai mai juyawa yana karanta wajen megabayit 100 a daƙiƙa, SSD mafi arha tana yin kusan 500, sabbin samfurin NVMe kuma suna yin dubbai. Bambancin shi ne tsakanin kwamfutar da ake kunnawa a je a yi alwala a dawo ba ta gama tashi ba, da wadda ke shirye kafin mutum ya gyara zama. Na biyu RAM. Gigabayit 4 ba ya isar Windows na yanzu ko da mutum ba ya yin komai, 8 yana ɗaukar aikin karatu muddin ba a buɗe shafuka barkatai a Chrome ba, 16 kuma shi ne kwanciyar hankali. Tambayar da ta fi yawan RAM ɗin muhimmanci ita ce ko ana iya ƙara shi. Yawancin siraran laftof na yanzu an liƙe musu RAM da dalma a jikin babban allon ciki, wanda masu gyara ke kira bod. Abin da aka saya da shi, da shi za a mutu. Mai 8 da ke da gurbin ƙari ya fi mai 8 da aka liƙe daraja ƙwarai, ko da a shago kamanninsu ɗaya, farashinsu ɗaya.

Duk wannan zancen ranar saye ne. Daga washegari, batir ne ke mulki.

Laftof ba ta shan wuta sosai. Cajarta takan kasance mai wat 45 ko 65, abin da dutsen guga ke ninkawa fiye da sau goma. Ko da a farashin rukunin A, wanda aka ɗaga zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, awa biyar a jone da caja mai wat 65 bai wuce naira 75 ba. Matsalar ita ce samun wutar. Mai laftof a Zariya ko Birnin Kebbi yana rayuwa da ido ɗaya a kan aikinsa, ɗaya a kan ɗan hoton batir da ke kusurwar allo. Ya san soket ɗin da ke aiki a ɗakin karatu, ya san masallacin da ke da sola, ya san shagon da ke tada inji da yamma. A watan Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan dakon wuta ta bar yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda, darajar kowace laftof ta koma awannin da batirinta ke iya ɗauka, kuma masu i7 da mataccen batir sun zauna suna kallon masu i3.

Awa goma ko sha biyu da ake rubutawa a kwali an auna su ne da hasken allo a dushe, ana kallon bidiyon da ke ajiye a ciki. Darasin Zoom da kyamara a kunne da wuya ya bar mutum ya ga rabin haka. Adadin da ya fi faɗin gaskiya shi ne ƙarfin batirin da ake rubutawa da Wh. Masu matsakaicin farashi sukan zo da 40 zuwa 57 ko kusa da haka, kuma tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ita ce awar ƙarshe ta karatun dare. Batirin lithiyam yana raguwa da kowane zagayen caji, bayan ’yan ɗaruruwan zagaye ƙarfinsa ya ragu a fili. Zafi da zama a cike koyaushe suna gaggauta tsufansa. Shi ya sa Lenovo da Dell da ASUS suka sa tsarin da ke tsayar da caji kafin ya cika, sau da yawa a kashi 80. Shawara ce mai kyau ga wanda wutarsa ba ta yankewa. Ga wanda bai san yaushe za a sake kawo wuta ba, barin kashi 20 a banza wauta ce, kuma babu laifi ya cika batirinsa taf. Sai dai ya san cewa ya zaɓi sayen sabon batir a shekara ta biyu ko ta uku, don haka tun ranar saye ya kamata ya tabbatar ana samun irinsa a kasuwa, kuma da sukurori aka ɗaure shi, ba da gam ba. Idan kuma wurin goga yatsa ya fara tasowa sama ko murfin ƙasa ya fara buɗewa, batir ne ya kumbura, kuma wannan ba abin da ake jira a ga yadda zai kaya ba ne.

Akwai wani ƙaramin abu da ba a cika tambaya ba alhali yana sauya rayuwa: ko laftof ɗin tana karɓar caji ta kafar USB-C. Wadda ke karɓa ana iya ciyar da ita daga babban fawa bank mai fitar da wat 65, ko daga ƙaramin tsarin sola, ba tare da an tada janareto a kan man da ya ninka kuɗi tun bayan cire tallafi a Mayun 2023 ba.

Bayan wuta sai yanayi. Yawancin kamfanoni suna rubuta cewa an yi na’urarsu don aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba. Sakkwato da Maiduguri da Yamai suna wuce 40 a watan Afrilu ba tare da kowa ya yi mamaki ba. Idan furosesa ta yi zafi takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, shi ya sa kwamfutar da ke tashi kamar tsuntsu da asuba take rarrafe da azahar, mai ita ya ɗauka ƙwayar cuta ce ta shige ta. Hunturu kuma yana barin nasa gadon. Ƙurar da ke kwanciya a kan tebur tana kwanciya a cikin fanka da ’yan siraran ƙarafan da iska ke bi ta fita, har ta zama kamar auduga. Ɗalibin da ke ɗora laftof a kan katifa ko filo, wanda shi ne teburin mafi yawan mazauna hostel, yana toshe sauran kafofin da suka rage. Maganin ba shi da tsada: faranti ko katako a ƙarƙashinta, da kai ta wajen mai gyara sau ɗaya a shekara, a ƙarshen hunturu kafin bazara ta kankama, ya buɗe ya hure ƙura ya sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta. Amma wannan ma sai idan tana buɗuwa cikin sauƙi.

A nan ne ake gane bambancin jinsi biyu da ke zaune a kanta ɗaya a shago. Akwai waɗanda aka yi don gida, irin su IdeaPad da Inspiron da Pavilion da Vivobook, masu ƙyalli da jikin roba. Akwai kuma waɗanda aka yi don ma’aikatu, irin su ThinkPad da Latitude da EliteBook, waɗanda kamfanonin Turai da Amurka ke saya da yawa su yi aiki da su shekara uku ko huɗu su sallame su, su biyo jirgin ruwa su zama abin da ake kira ’yar Landan ko tokumbo. Jinsi na biyu ba shi da kyan gani, amma an ƙera shi da tunanin cewa wani ma’aikaci zai buɗe shi ya canza abu. Gaɓar murfinsa ta fi ƙarfi, kuma gaɓar murfi ita ce ke fara karyewa a laftof ɗin roba da ke yawo a jaka a bayan ɗan acaɓa ko a matse cikin adaidaita-sahu. Saboda an shigo da su da yawa, batirinsu da madannansu da allonsu suna nan birjik a kasuwa. A taƙaice su ne Boxer na duniyar kwamfuta.

Ga mafi yawan masu neman na’urar karatu da kallo, ta-hannu mai kyau daga jinsin ma’aikatu ta fi sabuwa mai arha daga jinsin gida, kuma takan zo a ƙasa da kuɗinta. Amma masu ƙin ta-hannu suna da hujja, kuma hujjar ta ƙara ƙarfi kwanan nan. Ba ta da garanti sai ’yan kwanakin da mai shago ya ga dama. Batirinta ya riga ya ci rabin rayuwarsa. Wata takan zo da kalmar sirri a kulle a BIOS daga tsohuwar ma’aikatarta. Mafi girma kuma, ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, sai ƙarin wa’adin shekara guda na gyaran tsaro ga waɗanda suka yi rajista, wanda ke ƙarewa a Oktoban 2026. Windows 11 kuwa yana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesar Intel daga zuriya ta takwas zuwa sama, ko Ryzen ta laftof daga jerin 3000. Kantunan kasuwa cike suke da ’yan zuriya ta shida da ta bakwai, lafiyarsu ƙalau, amma a hukumance an rufe musu ƙofa. Masu shago sun iya ɗora musu Windows 11 ta bayan gida, sai mai saye ya ga sabon fuska ya ɗauka komai daidai ne, alhali kamfanin bai yi alƙawarin ci gaba da aiko wa irin wannan na’ura sabuntawa ba. Wanda ke shiga asusun bankinsa ko ajiye takardun ofis a kanta bai kamata ya ɗauki wannan da wasa ba. Linux Mint ko Ubuntu suna raya irin waɗannan tsofaffin kyauta, kuma suna isar mai rubutu da kallo, sai dai wanda aikinsa ya rataya a kan wata manhaja ta Windows zai sha wahala. Iyakar da ta dace a ja a yau ita ce zuriya ta takwas. Duk abin da ke ƙasa da ita, arharsa bashi ce.

Sai batun nishaɗi, wanda iyaye da yawa ke ɗauka cin amana ne. An haɗa kuɗi don karatu, sai a leƙa ɗaki a tarar ana kallon Labarina ko Izzar So, ko an taru ana kallon wasan Firimiya. Wannan fushi yana da dalili, amma ya yi wa na’urar gurguwar fahimta. A gidaje da ɗakunan haya da yawa, laftof ita ce talabijin, ita ce rediyo, ita ce ɗakin karatu, kuma ita kaɗai ce ke ci gaba da aiki bayan an ɗauke wuta. Abin da kallo ke buƙata kuma shi ne karatu ke buƙata. Allo mai 1920 × 1080 na samfurin IPS, wanda launinsa ba ya juyewa idan an kalle shi daga gefe, shi ne ke barin mutum huɗu su kalli fim tare, kuma shi ne ke barin mutum ɗaya ya buɗe takarda biyu gefe da gefe ya yi awa uku yana karatu idonsa bai yi ja ba. Tsohon allo mai 1366 × 768 yana cutar da duka biyun, kuma har yanzu ana sayar da shi a jikin na’urori masu sitikar i7. Inda hanya ta rabu shi ne wasannin kwamfuta na zamani. Laftof mai matsakaicin farashi galibi ba ta da katin hoto na musamman, tana iya ɗaukar tsofaffin wasannin ƙwallo, amma tilasta mata sababbi a zafin bazara gajarta mata kwana ne.

Ainihin rigimar karatu da kallo a kan batir da data take. Kowace yamma mai laftof yana raba awa uku ko huɗun da ke hannunsa tsakanin babi na biyu na kundinsa da sabon kashi na shirin da kowa ke magana a kai, kuma babu wata na’ura da za ta yi masa wannan hukunci. Data kuwa, tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin sadarwa har zuwa kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, ta zama abin lissafi. Netflix da kansa ya ce awa guda ta kallo mai inganci tana iya cin gigabayit 3. Windows ma ɓarawon data ne na cikin gida: da an jona shi da waya sai ya fara sauke sabuntawa a ɓoye, sai dai idan an shiga saiti an gaya masa cewa layin na awo ne. Tsadar nan ce ke raya sana’ar masu tura fina-finai a filash, kuma ta nan ne cuta ke shigowa. Duk wanda ya taɓa kai filash shagon buga takardu ya dawo ya tarar fayilolinsa sun koma gajerun hanyoyi marasa buɗuwa ya san zancen. Wasanni da manhajojin da aka fasa makullinsu sun fi haka haɗari.

Wannan ya kawo asarar da ta fi ta kuɗi ciwo. Laftof ana sace ta a hostel, shayi yana zubewa a kanta, wuta tana zuwa da ƙarfi ta ƙone caja har ta taɓa bod. Duk waɗannan ana mayar da su da kuɗi, ko da da ƙyar. Kundin da aka yi wata takwas ana rubutawa, da bayanan da aka bi ƙauyuka aka tattaro, ba a sayar da su a titin Beirut. Google yana ba kowane asusu gigabayit 15 kyauta, OneDrive yana ba da 5, kundin digiri gaba ɗayansa kuma da wuya ya kai girman waƙa goma. Duk da haka kowace shekara sai an ga ɗalibi a gaban mai gyara yana roƙo kamar wanda ya kawo mara lafiya asibiti.

Wani abin takaici na daban, wanda ya shafi mai rubutu da Hausa kaɗai: babu laftof ɗin da ke zuwa da ɓ da ɗ da ƙ a madannanta. Mutane da yawa sun haƙura suna rubuta “kasa” ga ƙasa da kasa duka, a bar mai karatu ya yi duba. Alhali Windows yana ɗauke da tsarin madannan Hausa a cikinsa, sai dai a ƙara shi daga saitin harshe, akwai kuma manhajar Keyman ta kyauta. Masu saye a Maraɗi da Damagaram suna da ƙarin abin dubawa, domin wadda ta fito daga Faransa tana zuwa da jerin AZERTY, inda A da Q suka yi musayar wuri, ’yar Ingila kuma alamar @ ɗinta ba ta inda ta Amurka take.

Duk abubuwan nan ana iya gano su cikin rabin awa a shago, idan mai saye ya ƙi yarda a gaggauta shi. Cikakkiyar lambar furosesa tana cikin saitin na’ura, ba a sitika ba. Umurnin powercfg /batteryreport yana fitar da rahoton da ke nuna ƙarfin da aka ƙera batir da shi da wanda ya rage masa yanzu, kuma idan ya faɗi ƙasa da kashi 70 sai a cire kuɗin sabo daga farashi. A danna kowane madanni, a gwada kowace kafa da filash, a kunna kyamara da lasifika, a buɗe murfin a rufe a ji ko gaɓar tana ƙara. A shiga BIOS a tabbatar ba a kulle yake ba. A nemi mai shago ya kwance murfin ƙasa a ga ko akwai gurbin ƙarin RAM, a ga ko batirin ya kumbura, a ga yawan ƙurar da ke fanka. Sannan a karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin na’urar da adadin kwanakin da aka yarda a dawo da ita idan ta ba da matsala, a rubuce, da sa hannun mai shago.